Na Yi Wa Aminiyata Alkawarin Wankan Gawa, 'Yata Ta Ce Kada In Koma Yobe

Daga akwatin saƙo. Wata uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. Sa'ar iyayenmu ce, a yi mata magana da ladabi.

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena na wannan zaure. Don girman Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na firamare na tsaya, kwana biyu na yi ina danna wannan saƙon, in rubuta in goge, don ina tsoron kada in faɗi abin da bai kamata ba in ɗauki alhakin wani.

Ni mace ce, shekaruna sittin da ɗaya ko da biyu. Mutuniyar Yobe ce ni, can arewa wajen iyakar Nijar, inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa. Ba zan faɗi sunan garin ba, ƙarami ne, ina faɗa an gane ni. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan. 'Ya'ya biyar na haifa, Allah ya karɓi huɗu ya bar mini autar, zan kira ta Hauwa a nan ko da yake ba sunanta ba ne. Mijinta ya zo karatu nan Malesiya, ya gama, Allah ya ba shi aikin koyarwa, suna zaune a unguwar Setapak a bene hawa na goma sha huɗu. Da ta haihu na biyu aka yi mini biza na zo wankan jego, niyyata in yi mata arba'in in ƙara sati ɗaya ko biyu in koma gida.

Ban cika wata guda ba ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Na ce zaman jirgi ne, Hauwa ta ce wane irin zaman jirgi ne yake kumbura ƙafa bayan sati uku, ta sa mijinta ya kira mota muka tafi asibiti. Aka ɗibi jini aka ɗibi fitsari, muka koma bayan kwana huɗu. Likitar mace ce, tana magana Hauwa tana fassara mini, ta ce ƙodata ba ta mutu ba amma ta gaji sosai. Ta tambaye ni wane ruwa nake sha a gida. Na ce na rijiyar kwari, mai ɗanɗanon kanwa, shi na sha tun ina amarya. Ta ce ba za ta rantse ruwan ne ya jawo ba, amma zafin rana da ƙarancin ruwa ba za su bar ƙodar ta huta ba, kuma dole a riƙa duba ni duk wata ana gyara magani. To mu a garinmu mota ranar kasuwa kawai take shiga, tsohuwar jif mai iya cin yashi, kuma kafin ka kai asibitin da zai yi irin wannan gwajin ka yi wuni guda a hanya. Saboda asibitin aka ƙara mini kwanakin biza har sau biyu, yanzu wata uku da rabi ke nan ina nan, kumburin ya sauka, ina cin abinci, ina hawa ina sauka.

Shi ne Hauwa da mijinta suka zaunar da ni. Suka ce za a yi mini takardar zama ta dindindin a ƙarƙashin aikinsa, in zauna da su, in sun tashi komawa Najeriya kuma a Kaduna za su zauna, da ni za a tafi. Wato dai in bar garinmu ke nan har abada. Gidan ma ta ce a bar wa ɗan ƙanin babanta ya cire kwanon rufin ya yi amfani da shi. Ranar Alhamis ɗin nan mijin zai kai fasfona ofis. In ban bayar ba, tikitina na ranar Lahadi ne.

Ba zan yi muku ƙarya in ce garin yana da daɗin zama ba. Tudun yashin da na tarar can nesa bayan makaranta lokacin da aka kawo ni, yau yana jingine da gidana, katangar arewa ta kwanta shekara biyu da suka wuce, kullum da safe sai na kwashe yashi daga bakin ƙofa da kwano kafin ta buɗu. Gonar marigayi babu ita, aduwar da take tsakiyarta kanta kawai ake gani. Samari sun watse, gidaje da yawa sun zama kango. Duk mai hankali zai ce tsohuwa ki zauna inda ruwa yake zuba daga bango, ki yi wasa da jikokinki. Ni ma na san haka. Amma akwai abin da ya riƙe ni, shi ne dalilin wannan saƙon.

Ni ce mai wankan gawar mata a garin. Wajen gwaggon mijina na koya, na fi shekara talatin ina yi, ba na karɓar komai sai addu'a. Da tulu biyu nake wanke babbar mace tsaf, da moɗa, da dakakken ganyen magarya, ba na barin ɗigo ya zube a banza don na san nisan da aka yi kafin a ɗebo shi. Da mu huɗu ne masu yi. Biyu sun rasu, ɗaya ta bi ɗanta birni, saura ni da wata da zan kira Talatu, ita daga baya ta koya. Talatu ta iya aiki, hannunta yana da kyau, ba zan zalunce ta ba. Amma bakinta ba ya riƙe abu. Akwai ranar da muna gidan suna ta kawo labarin abin da ta gani a jikin wata baiwar Allah da muka wanke tare, mata suna dariya, 'yar marigayiyar tana zaune a bayan ɗaki tana ji. Na yi mata faɗa har muka yi wata biyu ba ma gaisawa, ta tuba, amma bayan shekara ta sake yi. Allah ya yafe mini in wannan da na faɗa giba ce, ban ga yadda za ku gane matsalata ba in ban faɗa ba.

Ina da aminiya, zan kira ta Ya Fanna, ta girme ni da kaɗan. Shekara ɗaya aka kawo mu garin muna amare, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta kan katangar muke miƙa wa juna gishiri da wuta. Ita ta riƙe ni duk lokacin da na binne ɗa. Wajen shekara goma sha biyar da suka wuce, mun dawo daga wata jana'iza, ta ja ni ɗakinta ta sa sakata, ta nuna mini wani abu a jikinta. Ba zan faɗi ko mene ne ba, ko a nan da ba ku san ta ba. Ba abin zunubi ba ne, jarrabawa ce daga Allah, amma a garinmu da an sani da an daina cin abincin hannunta, da jikokinta mata sun sha wuya kafin su samu mazan aure. Mijinta kaɗai ya sani, ya mutu da maganar a cikinsa. Ta kama hannuna ta ce in rantse in ta riga ni tafiya ni zan wanke ta, ni kaɗai. Na ce wallahi ni zan shiga in ja ƙofa, ruwan ma ni zan zuba da kaina, ba mai ganinki sai an naɗe ki. Da bakina na faɗi wallahi, ba wanda ya tilasta ni.

Tun kaka Ya Fanna take kwance, ƙafa ta daina ɗaukarta. Ranar da zan taho na shiga sallama, na ce kwana arba'in ne kawai. Ta ce, "Je ki ci shinkafar mutanen Sin ki yi ƙiba, ba zan mutu ba sai kin dawo, don kada ki ji daɗin kuɓuta." Muka yi dariya. Tun da na zo muna aika wa juna saƙon murya, matar ɗanta ce take ɗaukar maganar a waya ta hau kan tudu inda ake samun sabis ta turo. Kullum zagi ne da tsokana. "Ke 'yar gudun hijira, an ce ɗakinku yana sama da gajimare, in za ki faɗo kada ki faɗo mini a kan akuya." Ni kuma in ce mata tsohuwar banza, har yanzu ba ki tashi ba, sai na zo da bulala? Da wannan nake gane tana da sauran ƙarfi.

Da na gaya wa Hauwa akwai alkawari tsakanina da Ya Fanna, ta ce ai wannan mai sauƙi ne, Talatu tana nan, in kuma ban yarda da ita ba a samu wata yarinya mai hankali in koya mata ta bidiyo. Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce me ya sa. Amsar kuwa ba tawa ba ce da zan ba ta. Ta ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, ta ce ni dai ina son in koma in mutu a cikin yashi don mutane su ce ta kasa riƙe uwarta. Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya je ya tambayi wani malami ɗan ƙasarmu da yake karatu a nan, ya dawo ya ce malam ya ce kare rai yana gaba, rashin lafiya uzuri ne, in yi kaffarar rantsuwa in ciyar da miskinai goma, shi zai ɗauki nauyin abincin. Na gode masa. Ban musa wa malam ba, ni wace ce. Amma kaffara ni za ta wanke a wurin Allah, ba za ta rufe jikin Ya Fanna daga idon Talatu ba.

Har wata hujjar da nake riƙe da ita ta kuɓuce mini. Da ina cewa ina tsoron in mutu a ƙasar da ban san yadda suke yi wa gawa ba. Akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar nan a ƙofar da take kallon tamu, Makcik muke ce mata, ba ta jin Hausa ba na jin yarensu, daga sallama sai "makan", wato ci, in ta kawo mini abinci, sai "boleh" in abu ya yi daidai. Wata Asabar ta kama hannuna ta sauko da ni surau, ƙaramin masallacin da yake ƙasan benen, na tarar da mata sun kewaye tebur na ƙarfe, an kwantar da mutum-mutumin roba ana koya musu wankan gawa. Na tsaya daga baya ina kallo, hannuna yana ƙaiƙayi. Wata yarinya ta juya robar zanen ya zame, ban san lokacin da na ratsa su na ja zanen na rufe ba. Suka buɗa mini wuri. Na nuna musu yadda nake tallafe kai, da yadda nake raba gashi uku in kitse, malamarsu tana gyaɗa kai tana cewa boleh, boleh. Abin da ya hana ni sakewa tiyon ruwa ne, yana ta zuba a rariya alhali ba kowa a ƙarƙashinsa, sau biyu ina zuwa ina kashe famfon suna dariya. Amma na ga aikinsu, yadda muke yi haka suke yi, da tsabta da sutura. In na mutu a nan ba za a wulaƙanta ni ba. Da Hauwa ta ji labari ta ce, "Kin gani ko Inna? Nan ma ana bukatarki, ladan ai ɗaya ne." Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Ranar da mijin Hauwa ya kawo takardun, ina zaune ina kallon ruwan sama ta taga, sai na ji zuciyata ta ce, da Ya Fanna za ta cika kafin Alhamis da an huta, ba ni na karya alkawari ba, ƙaddara ce. Matar da ta riƙe ni a kan kabarin 'ya'yana huɗu. Na tashi na yi alwala na yi ta istigfari, har yau in na tuna sai in ji kamar na kashe ta da hannuna. Kuma in na juya ta ɗaya gefen, in na koma, me zan je yi? Zan je in zauna a bayan katanga ina jiran aminiyata ta mutu. Wata ɗaya ne, shekara uku ne, Allah kaɗai ya sani. In ƙodar ta tashi na riga ta, na bar Hauwa ba uwa ba uba ba ɗan'uwa a ƙasar mutane, ga jariri, kuma duk da haka Talatu ce za ta wanke Ya Fanna, ta haɗa da ni. Na yi istihara sau uku, ban ga komai ba, ko dai na gani tsoro ya hana ni ganewa.

Shekaranjiya saƙo ya shigo daga Ya Fanna. Ba zagi ba tsokana. Ta ce, "Hajiya, na ji labarin rashin lafiyarki. Ki zauna wajen 'yarki ki sha magani. Maganar da ke tsakaninmu na yafe, duniya da lahira." Shekara arba'in da wani abu muna tare ba ta taɓa ce mini Hajiya ba, ko Makka ban je ba. Kuma ni ban gaya mata zancen ƙoda ba, ɓoye mata nake yi. Na kira Hauwa na tambaye ta, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta amsa cewa ita ta kira matar ɗan, ta sa aka kara wa Ya Fanna waya a kunne, ta gaya mata likita ta ce in na koma zan mutu, ta roƙe ta ta sake ni. Raina ya ɓaci irin yadda bai taɓa ɓaci da ita ba, na ce ta je ta shaƙe marar lafiya a kan shimfiɗarta, wa zai ce a'a in an ce masa ran wani yana hannunsa. Ita ma ta fashe da kuka, ta ce ita fa ba ta da kowa sai ni, ranar da ta haihu na farko a nan ba wanda ya riƙe mata hannu, yanzu Allah ya kawo ni zan gudu saboda gawar da ba ta ma mutu ba. Ta ce in gaya mata abin da yake cikin wannan wankan da ya fi raina, in ta ji ta gamsu da kanta za ta kai ni filin jirgi. Jaririn yana kuka, babbar jikata tana tsaye a bakin ƙofa tana tambayar uwar da Turanci me ya sami Kaka. Kalma biyu ce da na faɗa da Hauwa ta gane, amma amana ce. Tun ranar tana kawo mini magani da ruwa a kan lokaci, ta ajiye ta fita, ba ta zama.

Jiya na roƙi a haɗa ni da Ya Fanna kai tsaye. Ba ta iya hawa tudu, sai da aka yi ta yawo da wayar a tsakar gida kafin a samu inda murya take fita, matar ɗan tana riƙe da wayar, don haka na san ba za ta iya sakin baki ba. Na ce, Ya Fanna, tsakaninki da Allah kin yafe? Ta ce ta yafe mana, ita yarinya ce da za ta yi magana biyu. Na ce in kin ce in zo, Lahadi ina hanya. Ta ce in zauna, wa yake kewata, garin ma ya fi shiru da ba na nan. Na ɗan ji sanyi, na ce ga tsokanar ta dawo. Har na ɗauka layin ya yanke, sai ta ce a hankali, kamar mai tambayar farashin gero, "Ni kam in tambaye ki, ke da kika san aikin. Ana iya yi wa mutum wanka da rigarsa a jiki?"

Na ce ana yi. Ban gaya mata sauran ba, cewa ko an bar riga sai mai wanka ta sa hannu ta ƙarƙashi ta cuɗa, kuma abin nata ba sai an gani da ido ba. Ta ce to madalla, daga nan wayar ta mutu.

Wannan ita ce matar da aka ce ta sake ni.

Yau Talata. Fasfona yana cikin jakata, na ciro shi na mayar ya fi sau goma. Don Allah malamai da iyaye mata da kuke cikin zauren nan, ku gaya mini gaskiya ko mai ɗaci ce. Yafiyar da aka karɓa daga marar lafiya ta hanyar tsorata ta, yafiya ce? In na zauna, alhakin abin da bakin Talatu zai yi yana wuyana ko ba ya wuyana? In na koma ƙodar ta kashe ni, na kashe kaina ke nan, na kuma ci amanar 'yata? Ko ya halatta in gaya wa Hauwa sirrin, ita kaɗai, don ta daina ganin na fi son yashi da ita? Ba na iya tambayar Ya Fanna izini, kullum akwai mai riƙe mata waya.

Kada ku zagi 'yata, tsoro ne ya sa ta. Ku dai gaya mini, jibi da safe in mijinta ya miƙo hannu, in ba shi fasfon ko in riƙe?